RUHE LAKWAL DA BUƊE TA LOKACIN ANNOBA

Jawabin da biron ƙungiya ya karanta gaban taron shekara na 'yan garinmu, na gida da na ci-rani

Bismillahir Rahmanir Rahim.

   

Zancen da biro ya ɗora muna mu kawo gabanku yau tsohon zance ne da bai mutu ba. Tun shekarar 2020 muke ja-in-ja bisanshi: in annoba ta shigo ƙasa, yaushe ya kamata a ruhe lakwal, yaushe ya kamata a buɗe ta, kuma ta wace hanya? Cutar Korona ta wuce, Hukumar Lahiya ta Duniya ta ɗage dokar gaggawa bisanta tun ran 5 ga Mayu 2023. Amma sanƙarau bai wuce ba, amai da gudawa bai wuce ba, ƙyanda ba ta wuce ba. Wata rana za a sake ce muna yara su zamna gida. Muna so ranar nan ta iske mu da magana ɗaya, da shiri, da kuɗɗi cikin asusu. In Allah ya yarda, bayan wanga jawabi za a ɗaga hannu.

1. ABIN DA YA FARU A 2020

Mu tuna ma juna, don mantuwa ita ke lalata shawara.

Ran 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Isuhu Mahamadu, ya yi jawabi, ya ce za a ruhe makarantu duka, tun daga na ƙananan yara har jami'a, daga ran 20 ga wata. Sa'ad da ya yi wanga jawabi ba a kai ga samun ko mutum ɗaya mai cutar cikin Nijar ba. Sai ran 19 ga Maris anka ba da labarin na farko, a Yamai. An ce ruhewar ta sati 2 ce, ana iya ƙarawa. Anka yi ta ƙarawa. Anka ruhe iyakoki da masallatai, anka sa dokar hana yawon dare a Yamai, anka hana shiga da hita birnin. Kun san tashin hankalin da hana jam'i ya kawo a Mirriya da unguwannin Yamai. Hakanan munka shiga azumi.

Ran 13 ga Mayu anka buɗe masallatai. Ran 1 ga Yuni anka buɗe lakwal, bayan kwana 70 da 'yan kai, anka yi karatu har tsakiyar Yuli, anka yi jarrabawar burbe da ta bak cikin Agusta.

Mu kaɗai abin bai shafa ba. Cikin Afrilu 2020 ƙasashe sama da 190 sun ruhe makarantunsu, yara da matasa wajen miliyan dubu da ɗari shida sunka zamna gida. Kowace ƙasa da ranar da ta buɗe. Senegal ta sa ran 2 ga Yuni, daren buɗewa ta fasa don an samu malamai da cutar a yankin Kazamans, sai ran 25 ga Yuni 'yan azuzuwan jarrabawa sunka koma. Najeriya ta maida 'yan azuzuwan jarrabawa cikin Agusta, sauran sai wajen Oktoba. Yuganda ba ta buɗe duka ba sai ran 10 ga Janairu 2022, kusan shekara 2. In kunka duba, tamu ruhewar tana cikin gajeru.

2. BAKI UKU CIKIN GARI ƊAYA

Da anka sa ranar buɗewa, ƙungiyarmu ta rabu uku. Za mu faɗi hujjar kowa kamar yadda ya kawo ta, don babu wanda ya yi magana da mugun nuhi.

Na farko su ne masu cewa kada a buɗe sai bayan damana. Yawancinsu 'yan ci-rani ne mazauna manyan birane. Sun ga abin da idonsu, sun ji labarin gawawwakin Italiya da Faransa da Amurka, sun ji ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da cutar ran 3 ga Mayu. Sunka ce: ajin da ke ɗauke da yara cunkus, huɗu bisa teburi ɗaya, ina zancen tazara? Lakwal da ba ta da rijiya, da mi za a wanke hannu? Yaro ya kwaso cuta ya kawo ma kakarshi da suke kwana ɗaki ɗaya, wa zai ɗauki alhaki? Shekara ɗaya ta karatu ana ramawa, rai ba a rama shi.

Na biyu su ne masu cewa a buɗe tun jiya. Cikinsu da iyaye mata da yawa, da malaman lakwal, da iyayen 'yan jarrabawa. Sunka ce: kasuwa tana ci kowane sati, masallaci ya buɗe, yaran nan suna tare bakin rijiya da dandali tun sahe har dare. Ruhe aji bai raba su ba, karatu kaɗai ya raba su da shi. Ɗan mai hali a birni yana da talabijin da salula da malamin gida. Namu ɗiyan ba su da ko littahi ɗaya cikin ɗaki.

Na uku ba su cika ɗaga murya ba, amma ƙafarsu ta yi magana. Su ne magidanta manoma. A wurinsu zancen Korona ƙarami ne. Ran 1 ga Yuni bakin damana ne. Ruwan shibka in ya sauka ba ya jiran kowa, noman farko in ya wuce ka shekara ta wuce ka, rumbu kuwa lokacin ya kai ƙasa. Yaro mai shekara 12 hannu ne cikin gona, yarinya ita ke kai hura. A ka'ida ƙarshen Yuni ake sallamar yara, sai ga shi an ce su zamna aji har tsakiyar Yuli. Waɗanga ba su yi gardama da kowa ba, sun dai riƙe ɗiyansu. Wanda ya yanke ranar yana kallon kalandar jarrabawa, manomi yana kallon hadari.

3. ABIN DA MUNKA SANI YANZU

Yau ƙura ta lafa, muna iya auna kowace magana.

Bisa Korona, Allah ya sauƙaƙa ma ƙasarmu. Lissahin hukuma bai kai mutum 10.000 da anka tabbatar sun kamu ba, waɗanda sunka rasu 300 da 'yan kai, galibinsu cikin birane. Gaskiya ne gwaji bai kai ƙauyuka sosai ba, don haka lissahin bai kama kowa ba. Amma a duniya duka an gane abu ɗaya: cutar ta hi tsanani ga tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga, ta hi sauƙi ga yara. Nijar kuwa kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe dubban mutane cikin ƙasar nan kowace shekara, mahi yawansu ƙananan yara, kuma ba mu taɓa ruhe aji dominshi ba. Duk da haka kada mu yi ma na farko dariya. Cikin Maris da Afrilu 2020 babu wanda ya san yadda abin zai ƙare, babu lamba, sai ƙarshen Maris 2021 anka fara yin ta a Nijar. Wanda ya ji tsoro lokacin yana da dalili.

Bisa hasarar ruhewa, na biyu sun faɗi gaskiya, har abin ya hi yadda sunka zata. Yaron aji ɗaya ko aji biyu da ya fara haɗa baƙi, cikin harshen da ba a yi a gidansu, in ya yi wata biyu da rabi bai ga allo ba, ya ɗan taɓa karatu sati 6, kana ya shiga hutun damana har Oktoba, to ya koma kamar bai taɓa shiga ba. An wuce da shi aji na gaba, amma kai wayam. Inda ake dafa ma yara abinci a lakwal, ruhewa ta ɗauke musu har da tuwon rana.

Hasara mahi girma bisa ɗiya mata ta faɗa. A ƙasarmu, cikin mata 4, wajen 3 ana yi musu aure kahin su cika shekara 18. Akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 mai kare karatun ɗiya mace har shekara 16, amma doka tana aiki ne in ƙofar aji tana buɗe, ana kiran suna kowace sahiya. Da an ruhe, sai masu neman aure su fara sallama, uba ya ce zaman mi take yi? A Saliyo, lokacin cutar Ebola, an ruhe makarantu wajen wata 9, sai Afrilu 2015 anka buɗe, dubban 'yan mata sunka samu ciki cikin wannan tsakani, da yawa ba su koma ba. Samari kuma hanya ke ɗauke su: wani ya bi mota zuwa Kano, wani ya nuhi wuraren haƙar zinariya na arewa. Wanda ya fara riƙe kuɗɗin kanshi da wuya ya sake zama bisa benci. Kowa cikin wanga taro ya san gida ɗaya ko biyu inda haka ta faru, ba sai mun kira suna ba.

Bisa karatu ta rediyo da talabijin, dattawanmu sun san ba sabon abu ba ne. Nijar ta kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo tun 1962, ta fara talabijin ta makaranta tun 1964. Amma can ana tara mutane wuri ɗaya, da mai jagora a gabansu. Yaro shi kaɗai, ba wuta, rediyon tana wuyan ubanshi a gona, wane karatu zai yi? Kada mu ruɗi kanmu da wanga magani.

4. KOWACE CUTA DA HALINTA

A nan muke roƙonku ku saurara da kyau, don kada darasin Korona ya ɓad da mu. Akwai masu cewa yanzu: kun gani, ruhewa banza ce, kada a sake. Wagga magana tana da hatsari.

Sanƙarau yara da matasa yake kamawa. Yana zuwa da rani, tun hunturu har bazara, yana bin numfashi da cunkoso, yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tsira wani sa'i ya kurumce. Manya suna tune da na 1995 da ya kwashe dubban rayuka. An kawo sabuwar lamba a 2010 wadda ta karya irin da ya saba damunmu, sai ga wani iri ya taso a 2015: mutum wajen 8.500 sunka kamu, sama da 570 sunka rasu cikin wata 6. Cikin Afrilu na shekarar hukuma ta ruhe makarantun Yamai na 'yan kwanaki don a yi ma yara lamba, kana anka buɗe. Ku duba wagga ruhewa: tana da dalili, tana da aikin da za a yi cikinta, tana da ranar ƙarewa. Irinta muke so.

Amai da gudawa ta ruwa da ƙazanta yake bi. A 2018 ya faro daga Madarunfa, ya kama mutum sama da 3.000 a jihar Maraɗi da kewaye, a 2021 ya komo da ƙarhi hiye da haka. Ga wagga cuta, lakwal mai ruwa mai tsabta da sabuni da makewayi ta hi gidajenmu da yawa aminci. Lakwal mai randa ɗaya da moɗa ɗaya kuwa tarko ce.

Ƙyanda, da mashaƙon da ya ɓullo wajen Matamai a 2023, maganinsu lamba. Yaron da anka yi ma lamba tun yana goye ba ya ruhe aji.

Ke nan tambaya uku ya kamata mu yi ma majo na gidan likita duk sa'ad da cuta ta shigo. Wa take kamawa, yara ko manya? Ta ina take bi, iska, ruwa ko taɓi? Yaro ya hi tsira cikin aji ko cikin gari? Addininmu bai hana wanga bincike ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya hana na ciki hita. Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Tawakkali da rigakahi tare suke tahiya.

5. ABIN DA KE HANNUNMU

Mu faɗi gaskiya: ƙungiyar gari ba ta da ikon ruhe lakwal ko buɗe ta. Wanga hukunci na gwamnati ne, yana saukowa ta wurin perefe da sufeton makarantu zuwa ga dirakta. Ranar ba tamu ba ce. Amma yadda ranar za ta iske garinmu, wannan namu ne. Ga shawarwari 7 da biro ya kawo.

Na ɗaya, rajista. Ranar da anka ce a ruhe, kwamitin iyayen yara da ƙungiyar iyaye mata su zamna da dirakta, su kwahi sunan kowane ɗan lakwal, unguwa unguwa. Kowace unguwa a sa dattijo ɗaya da mace ɗaya su riƙe takardar. Sati ɗaya bayan buɗewa a kira suna gaban mai gari. Wanda babu shi, a tahi gidansu da girmamawa a ji dalili.

Na biyu, aure. Muna roƙon mai gari da liman su amince: ba a ɗaura auren 'yar lakwal cikin kwanakin ruhewa. Mun san wagga magana tana da nauyi, mun san uba ke da ɗiyarshi. Ba mu ƙwace ma kowa iko ba. Muna neman jinkiri kaɗai, har a buɗe, a zamna da uwa da uba da malami, a ji bakin yarinya.

Na uku, ruwa da sabuni. Kowane aji ya samu bokiti mai famfo ko tulu mai murhi, da sabuni na wata 3 ajiye hannun ma'ajin ƙungiya. Wanga ba sai annoba ta zo ba.

Na huɗu, gini. Shawarar da anka ba duniya lokacin Korona ita ce a rage cunkoso, a bar iska ya shiga. Wasu sunka ce sai a ƙara rumfunan zana. Ku tuna ran 13 ga Afrilu 2021, gobara ta cinye yara wajen 20 cikin azuzuwan zana a wata unguwa ta Yamai. Ku tuna ran 8 ga Nuwamba 2021, yara 25 ko hiye sunka ƙone a Maraɗi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kada mu gudu daga cuta mu faɗa wuta. In an ce a raba yara, a raba su biyu, wasu da sahe wasu da marece, ko a zamna ƙarƙashin itace. Kowace shekara kuma mu gina aji ɗaya na ƙasa mai tagogi manya da ƙofa mai faɗi. Zamanin Samariya iyayenmu da hannunsu sunka buga tubali sunka gina azuzuwa, ba su jira kowa ba. Na gida su ba da ƙarhi, na waje su ba da kwano da siminti.

Na biyar, damana. In buɗewa ta sake faɗowa bisa shibka, biro ya rubuta ma sufeto takarda tun da wuri, ya roƙi a yi karatu tun sassahe zuwa hantsi a saki yara, a ba da kwana biyu ko uku ranar da ruwan shibka ya sauka. 'Yan aji shida da masu jarrabawa kuwa, samarin unguwa su yi ma gidajensu gayya. Manomi in an ji kukanshi ba ya ɓoye ɗanshi.

Na shida, makarantun allo. A 2020, da jihohin arewacin Najeriya sunka shiga maida almajirai garuruwansu, dubban yaran Nijar sunka komo cikin motoci, wasu ba su san ma hanyar gida ba. Ɗiyanmu ne su ma. Duk sabunin da za a ba lakwal a ba makarantar allo, duk lambar da za a yi can a yi nan, kuma malaman allo su samu kujera cikin kwamiti.

Na bakwai, mu 'yan ci-rani. Cuta ba ta tsira daga ƙasa a ƙauye, mota ke kawo ta, mu ke cikin motar. Wanda ya taso daga garin da annoba ke ci, ya fara biyawa gidan likita kahin ya shiga zauren tsofaffi. Kuma mu kiyaye abin da muke turowa ta WhatsApp. Muryoyin da sunka ce lamba tana hana haihuwa, ko cutar ƙarya ce, daga salularmu sunka shigo gari. Abin da ba ka ji daga bakin likita ba, kada ka tura ma mahaihiyarka.

6. ZANCEN KUƊƊI

Duk waɗanga ba su yiwuwa da baki. Biro yana neman kowane ɗan ƙungiya mazaunin waje ya riƙa zuba jikka ɗaya kowane wata cikin asusu na dabam, sunanshi asusun lakwal, kowane magidanci na gida kuma ya ba da damen hatsi ɗaya da kaka. Ba a taɓa asusun don biki ko siyasa. Hannu uku za su sa kahin a hidda ko dala: shugaba, ma'aji, da mace ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata. Za a karanta lissahi kowane taron shekara, a buga shi cikin wagga takarda tamu. Mun san akwai masu so a fara da gyaran masallacin Juma'a, kuma hujjarsu tana da ƙarhi. Su ma za su yi magana kahin a ɗaga hannu.

Matsayin biro shi ne wanga: lakwal ita ce ta ƙarshe da za a ruhe, ita ce ta farko da za a buɗe, sai fa in cutar yara take kamawa cikin cunkoso, to a ruhe da sauri, a yi lamba, a sa ranar komowa. In kun amince, shi za mu riƙa kai ma hukuma da sunanku. In ba ku amince ba, ku gyara muna, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗanda ba su samu zuwa ba, su karanta ma 'yan'uwa wagga takarda a masaukinsu, su aiko da ra'ayinsu ga magatakarda kahin ƙarshen wata.

Allah ya tsare mu da annoba, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya raya muna zuri'a bisa ilimi da tarbiyya, ya ba mu damana mai albarka, ya maida kowa masaukinshi lahiya.